Eriya Kilo 30, Igiya Kilo 170: Tarihin Lissafin da Masu Hawa Hasumiyar Rediyo Suka Gada

Mai karatu, bari mu fara da tambaya. An ba ka eriya mai nauyin kilo 30, aka ce ka kai ta ƙololuwar hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita 20. A hannunka akwai igiyar da aka rubuta a kwalinta cewa sai an ɗora mata kilo 150 kafin ta tsinke. Za ta isa? Yawancinmu za mu ce ƙwarai kuwa, ai ninki biyar ke nan. To amma akwai yadda za ka ɗaura igiyar nan, eriyar ta ja ta da ƙarfin da ya haura kilo 170, ta tsinke kana kallo, alhali ko giram ɗaya ba a ƙara wa eriyar ba.

Mutanen da suka fi yawan karo da wannan tambaya su ne 'yan rediyon sha'awa. Waɗannan mutane ne da ke karɓar lasisi daga hukuma, su kafa 'yar tasha a gidajensu, su riƙa magana da takwarorinsu na wasu ƙasashe, ba don kasuwanci ba. Kowace ƙasa da harafin da lambar kiranta ke farawa da shi: na Nijeriya 5N, na Nijar 5U. Da yake ba kamfani ba ne, yawanci ba su da motar ɗaga kaya. Abin da suke da shi igiya ce, da fuli (wato 'yar tayar nan mai kwari a gefe da igiya ke bi ta kanta), da abokai uku ko huɗu a gindin hasumiya, da mutum ɗaya a can sama da ya ɗaure kansa da bel. Rayuwar na saman nan da ta na ƙasa ta rataya ne a kan wani lissafi da aka shafe fiye da shekara 400 ana haɗa shi. Tarihinsa za mu bi yau.

Abu ɗaya kafin mu shiga. Masana kimiyya da niyuton suke auna ƙarfin ja, kuma nauyin kilo 1 ya yi daidai da niyuton 9.8. Don sauƙi, a nan duk da kilo za mu yi magana.

Shekarar 1586: dutse a Rum, littafi a Holan

A shekarar 1586 Paparoma Sixtus na biyar ya sa aka matsar da wani dogon ginshiƙin dutse, wanda Rumawa suka ɗauko daga Masar tun zamanin Sarki Kaligula, zuwa tsakiyar dandalin Majami'ar Bitrus a birnin Rum. Tazarar ba ta kai mita 300 ba, amma dutsen ya haura tan 300, tsawonsa kusan mita 25. Wanda aka ba aikin shi ne Domenico Fontana.

Fontana bai yi aiki da kintace ba. Ya auna nauyin wani ɗan yanki na irin dutsen, ya lissafa girman ginshiƙin, daga nan ya fitar da nauyinsa gaba ɗaya. Sannan ya raba nauyin a kan turaku 40 na naɗe igiya, irin waɗanda mutane da dawakai ke juyawa da dogayen sanduna. Mutanen da suka yi aikin sun tasam ma 900. Aka kafa doka mai tsanani cewa kowa ya yi shiru: in an busa ƙaho a fara juyi, in an kaɗa ƙararrawa a tsaya cak. Dalilin shirun nan shi ne abin lura. In turke ɗaya ya riga sauran, igiyarsa ce za ta kwashi nauyin da ya kamata a raba wa goma, ta tsinke, ta bar wa na kusa da ita, su ma su bi ta. Ranar 10 ga Satumba aka tsayar da dutsen, kuma yana nan har yau.

A wannan shekarar dai, a garin Leiden na ƙasar Holan, wani masani mai suna Simon Stevin ya buga littafi kan ilimin nauyi. Da harshensa na Holanci ya rubuta, a lokacin da masana ke ganin ilimi sai da Latin. A bangon littafin akwai zanen sarƙa mai ƙwallaye 14 da aka rataya a kan alwatika: huɗu a kan dogon gefe mai sauƙin gangara, biyu a kan gajeren gefe mai tsananin gangara, sauran takwas suna reto a ƙasa. Stevin ya ce sarƙar nan ba za ta yi ta juyawa da kanta har abada ba, don haka dole biyun nan suna riƙe da huɗun. Ke nan abin da nauyi ke yi wa igiya ya danganta da karkatar da take. Daga wannan tunani aka samo hanyar raba ƙarfi gida biyu, na tsaye da na kwance, wadda ita ce ginshiƙin duk lissafin da zai biyo baya.

Igiyar da ba ta miƙewa sarai

A 1638 Galileo ya fitar da littafinsa na ƙarshe kan sababbin fannonin kimiyya biyu. A ciki ya nuna cewa duk ƙarfin da za ka sa, ba za ka iya miƙe igiya a kwance ta zama sambal ba, dole ta ɗan lotsa. Duba igiyar shanya ta gidanku. Rataya jiƙaƙƙen bargo a tsakiyarta, ka ga yadda take lotsawa. In ka ƙara ɗaure ta tamau don kada ta lotsa, ƙusar da ke jikin bango ce za ta fita.

Ga abin da ke faruwa. Bargon ƙasa yake ja, igiyar kuma kusan a kwance take. Ɓangaren jan igiyar da ke kallon sama ne kawai ke riƙe bargon, sauran duk bangayen biyu yake ja. Iya ƙanƙantar lotsawar, iya ƙanƙantar wannan ɓangare, don haka sai jan gaba ɗaya ya ƙaru matuƙa kafin ya wadatar. Mu koma kan eriyarmu mai kilo 30 da aka rataya a tsakiyar igiya. In kowane gefe ya karkata da digiri 30, jan da ke cikin igiyar kilo 30 ne. In karkatar ta koma digiri 10, jan ya zama kilo 86. A digiri 5, kilo 172. A digiri 1 kacal, kusan kilo 860. Ka ga inda igiyarmu mai kilo 150 ta tsinke.

Wannan ba lissafin aji ba ne kawai. Babbar eriya ba ta hawa miƙe a jikin hasumiya, domin wayoyin da ke ɗaure da hasumiyar za su tare ta. Sai a miƙa wata igiya ko waya daga ƙololuwa zuwa wani turke mai nisa a ƙasa, a rataya eriyar a jikinta da fuli, a ja ta ta hau kamar kaya a kan tudu. Wanda bai san abin da Galileo ya faɗa ba zai so ya ga layin nan ya miƙe tsaf, don ya fi kyan gani. Masu gogewa kuwa da gangan suke barinsa ya lotsa. Kuma da yake duk jan nan gefe guda yake fizgar kan hasumiyar, sukan ɗaura wata igiya ta baya don ta riƙe shi.

Gogayya: tana ci, tana kuma ceto

A ƙarni na 18 jiragen ruwa na filafilai ne ke riƙe da kasuwanci da yaƙi, kuma jirgi ɗaya na ɗauke da igiyoyi masu tsawon kilomitoci. Shi ya sa Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta sa gasa kan gogayya da taurin igiya. Wanda ya ci a 1781 shi ne Charles-Augustin de Coulomb, injiniyan soja, wanda ya yi gwaje-gwajensa a tashar ƙera jirage ta Rochefort. Eh, shi ne dai Coulomb ɗin da ɗaliban kimiyya suka sani a darasin lantarki. Ya nuna cewa igiya na turjewa in za a lanƙwasa ta a kan fuli, kuma turjiyar na ƙaruwa in igiyar ta yi kauri ko fulin ya yi ƙanƙanta. Don haka ba a taɓa ɗaga kilo 30 da jan kilo 30 cif. Masu aikin ɗaga kaya kan ƙiyasta asarar kusan kashi 10 cikin 100 a kan kowane fuli mai sauƙin ƙira.

Kafin nan Leonhard Euler ya riga ya fitar da lissafin igiyar da aka naɗe a jikin turke. Abin da ya gano shi ne riƙon ninkuwa yake yi da kowane zagaye. A kan bututun ƙarfe mai matsakaicin santsi, zagaye ɗaya kan ninka riƙonka wajen sau 6 da rabi, zagaye biyu wajen sau 43, uku kuwa wajen sau 285. Duk wanda ya taɓa naɗe igiyar sa mai gardama a jikin bishiya ya san haka a aikace. Shi ya sa mai sauke eriya daga sama kan naɗe igiyar sau biyu a jikin wani ƙaƙƙarfan abu, ya riƙa sassautawa a hankali. Sai dai a tuna, abin da aka naɗe igiyar a jikinsa shi ke ɗauke da nauyin duka.

Marconi da sandunansa 20

Yanzu mu shigo zamanin rediyo. A 1901 Guglielmo Marconi ya ƙuduri aika saƙo ba tare da waya ba daga Ingila zuwa ƙetaren Tekun Atlantika. A Poldhu, kan gaɓar teku a yankin Cornwall, ya kafa sanduna 20 na katako a da'ira, kowace tsawonta kusan mita 61, suna riƙe da ɗaruruwan wayoyin eriya. An haɗa kan kowace sanda da na maƙwabciyarta, ta yadda duk sun dogara da juna. Ranar 17 ga Satumba 1901 guguwa ta taso, da'irar ta rushe. A watan Nuwamba tagwayenta da aka gina a Cape Cod ta Amurka ita ma iska ta kayar da ita.

Ka ga darasin Fontana ya dawo. In igiyoyi da yawa na raba nauyi, tambayar da ya kamata a yi ita ce: in ɗaya ta kasa, ina nauyinta zai koma?

Marconi bai jira ba. A Poldhu aka yi eriyar wucin gadi tsakanin sanduna biyu, shi kuma ya tafi tudun Signal Hill a garin St John's na Newfoundland. A can ya ɗaga wayar eriya da balan-balan, iska ta tsinke ta tafi da shi. Sai ya koma ga kayit, abin nan na yadi da sanduna da ake sakewa da zare iska ta ɗaga shi, na farko shi ma ya tsinke. Da na biyu ne, ranar 12 ga Disamba 1901, ya ba da sanarwar ya ji ɗigo uku na harafin S. Masana na muhawara har yau kan ainihin abin da ya ji. Abin da ba a muhawara a kai shi ne, a duk wannan shekarar abin da ya fi ba shi wahala igiya ce da iska.

Yadda 'yan sha'awa suka tsinci kansu a kan hasumiya

A 1912 Amurka ta yi dokar da ta tura 'yan rediyon sha'awa zuwa zangon mita 200 zuwa ƙasa, wanda ake ganin ba shi da amfani wajen kai saƙo nesa. Ashe gajeren zango shi ne ke tunkuɗowa daga saman sararin samaniya ya faɗo a wata nahiya. A Disamba 1921 Paul Godley ya kafa tanti a Ardrossan ta Sikotilan ya kamo tashoshin 'yan sha'awa na Amurka. A Nuwamba 1923 Léon Deloy, daga birnin Nice na Faransa, ya yi musayar saƙo kai tsaye da Fred Schnell da John Reinartz na Amurka.

Gajeren zango na nufin gajeriyar eriya. Ta zangon mita 20 ba ta wuce faɗin mita 10 ba. A 1926 kuma Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi na Jami'ar Tohoku a Japan suka fito da eriya mai jerin sanduna da ke tattara ƙarfi ta fuska guda. Ka san ta, ita ce mai kama da ƙashin kifi da ake gani a kan rufin gidaje don kamo talabijin. Ta 'yan gajeren zango dai ta fi wannan girma nesa ba kusa ba, tana buƙatar mota mai juya ta, kuma don saƙo ya yi nisa ana so ta yi sama da ƙasa da aƙalla rabin zangonta: mita 10 ga zangon mita 20, mita 20 ga zangon mita 40. Ta haka malamin makaranta da likita da makanike suka wayi gari suna aikin da a da sai matuƙan jirgi da magina.

Fulin da ke ɗaukar ninki biyu

Kayan aikinsu na farko shi ne sandar ɗagawa: bututu ne da ake maƙalawa a ƙafar hasumiya ya ɗara ƙololuwarta, da fuli a kansa. Igiya na tashi daga eriya, ta bi ta fulin, ta sauko wurin masu ja. To nawa sandar ke ɗauka? Eriya na jan fulin ƙasa da kilo 30. Masu ja su ma ƙasa suke jan sa da kilo 30, ko 33 in mun sa asarar Coulomb. Jimilla kilo 60 da 'yan kai.

Wani zai ce to mu ja daga nesa, don kada mu tsaya ƙarƙashin kaya. Tsayawa nesa daidai ne, amma jan igiyar kai tsaye daga can kuskure ne. Gaskiya ne jimillar nauyin da ke kan fulin na raguwa: in igiyoyin biyu sun buɗe da digiri 90, ya koma kilo 42. Sai dai yanzu wani kaso nasa gefe yake ja, kuma bututu na jure dannawa ta tsawonsa fiye da lanƙwasawa. Jan kilo 30 a kan sandar da ta ɗara maƙalinta da mita 3 daidai yake da rataya kilo 90 a hannun sifana mai tsawon mita 1. Maganin shi ne a sa fuli na biyu a gindin hasumiya, igiya ta sauko miƙe a jikinta, sannan ta juya ta nufi masu ja. Shi ma fulin gindin, da yake kwanar digiri 90 yake yi, kilo 42 zuwa sama yake ɗauka, don haka abin da aka ɗaure shi da shi ba na wasa ba ne.

Akwai kuma dabarar da ta girmi duk waɗannan, wadda ake danganta wa Arkimidis tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. In ka ɗaure bakin igiya a kan sanda, ta sauko ta bi ta fulin da ke jikin eriya, ta koma ta bi ta na sama, sannan ta sauko gare ka, kilo 15 kawai za ka ja. Kan sandar kuma igiya uku ce ke jan sa, kowace da kilo 15, wato 45 maimakon 60. Farashin shi ne za ka ja igiya mai ninkin tsawo.

Texas da Foland

Kada ka ɗauka ƙwararru sun tsira daga wannan. Ranar 7 ga Disamba 1982, a Missouri City kusa da Houston a jihar Texas, ana ɗaga yanki na ƙarshe na wata babbar eriya zuwa kan hasumiyar watsa shirye-shirye mai tsawon fiye da rabin kilomita. Wasu sassan eriyar sun tare hanyar wayar ɗagawa, sai ma'aikatan suka ƙara wani ƙarfe da ya matsar da wurin riƙon gefe, suka ɗaure shi da ƙusoshi masu lanƙwasa. Matsarwar nan ta mai da ƙarfen tamkar hannun sifana, ta ninka abin da ke kan ƙusoshin. Suka karye, eriyar ta faɗo ta bugi ɗaya daga wayoyin da ke riƙe da hasumiyar, hasumiyar duka ta rushe. Mutum 5 suka mutu. Ana koyar da wannan hatsari a darussan ɗa'ar aikin injiniya.

Ranar 8 ga Agusta 1991 kuma, hasumiyar Rediyon Warsaw da ke Konstantynów a Foland ta faɗi. Tsawonta mita 646, kuma tun da aka kammala ta a 1974 babu ginin da ya kai ta tsawo a duniya. Ta jure hunturu 17, sai ta faɗi a lokacin da ake sauya wayoyin da ke riƙe da ita. Hasumiya mai wayoyi a tsaye take ne saboda jan kowane gefe na daidaita na ɗayan. Lokacin da aka kwance ɗaya, ko aka ɗora mata jan da ba a tsara ta da shi ba, shi ne lokacin da ta fi rauni. Ranar ɗaga eriya irin wannan lokaci ne.

Igiya ta sauya, kusurwa ba ta sauya ba

Fontana da igiyar rama ya yi aiki. A 1834 Wilhelm Albert ya ƙirƙiro igiyar waya don ramukan haƙar ma'adinai na Clausthal a Jamus. A 1935 aka haɗa nailan a Amurka, a 1941 foliyesta a Ingila. Kowace da halinta. Nailan na miƙewa sosai, don haka tana shanye fizga, amma in ta tsinke da ƙarfi take dawowa kamar bulala. Foliyesta ba ta miƙewa haka, kuma ta fi jure rana, shi ya sa masu eriya suka fi son ta.

Lambar da ke jikin kwali ta sabuwar igiya ce marar ƙulli. Ƙulli kaɗai kan cinye kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin ƙarfinta, rana da gogewa a gefen ƙarfe su ƙara ci. In kuma igiya ta yi sako-sako sannan kaya ya sauka a kanta farat ɗaya, ko da bai faɗo daga nesa ba, jan kan kai ninki biyu na nauyinsa. Shi ya sa masu ɗaga kaya ba sa ɗora wa igiya fiye da kashi ɗaya cikin 5 na lambar nan, wasu ma ɗaya cikin 10.

Mu koma kan tambayar farko. Igiyarmu mai kilo 150, in ka raba ta biyar, kilo 30 take da izinin ɗauka. Don ja miƙe ta kan fuli, tana bakin iyakarta, har ta ɗan gota in ka sa gogayya. Don layin da za a rataya eriya a kai kuwa, ko kusa ba ta yi ba. Don haka duk ranar da za ka ɗaga wani abu, eriya ce ko tankin ruwa ko faifan sola, ka ɗauki takarda ka zana hanyar da igiya za ta bi tun daga kaya har hannun mai ja. A duk inda ta lanƙwasa, rubuta abin da wurin ke ɗauka da fuskar da ake jan sa. Duk inda ta kwanta, bar ta ta lotsa. Mutum ɗaya ne zai riƙa ba da umarni, sauran su yi shiru kamar na dandalin Rum, kuma kada kowa ya tsaya ƙarƙashin kaya.